Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Ke Yoyo: Martani Ga Mai Son A Zare Hannun Ƙananan Hukumomi Daga Aikin Ambaliya

Wani abokina ne ya miƙo mini wata maƙala a kan aikin ambaliya, ya ce in karanta in faɗa masa ra'ayina, don ya san bakina ba ya shiru in aka taɓo zancen ƙananan hukumomi. Na karanta har sau biyu. Marubucin ɗan'uwanmu ne, da jin yadda yake kiran sunayen unguwanni ka san ya san Gusau ciki da bai, kuma abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ma yana ci masa. Ban yi shakkar niyyarsa ba. Maganin da ya rubuta ne nake tsoron zai kwantar da majinyacin gaba ɗaya.

Ga abin da ya ce gwargwadon fahimtata, in na tauye masa wani abu ya gafarce ni. A ganinsa ƙananan hukumomin Zamfara sun mutu, ba su da aiki sai rabon albashi a ƙarshen wata, ciyamomi ma ba a cika samunsu a sakatariya ba. Ba su da injiniyoyi, ba su da katafila, ba su da masu zanen gari. Ruwa kuwa bai san iyakar Gusau da Bunguɗu ba, balle ta Tsafe, saboda haka raba aikinsa gida-gida wauta ce. Kayan agaji kuma da zarar sun shiga hannun ciyaman da kansila sun zama rabon 'yan jam'iyya. Daga nan sai ya yanke hukunci: a kafa hukuma ɗaya mai ƙarfi a ƙarƙashin ofishin gwamna, a danƙa mata magudanan ruwa, da gyaran tsofaffin unguwanni, da sake gina gidajen da suka rushe, da rabon tallafi, da rusau, a bar wa ƙaramar hukuma kasuwa da tasha da takardar haihuwa. Hujjarsa ta gani da ido ita ce sababbin titunan Gusau. Ya ce a duba abin da jiha ta yi cikin ɗan lokaci, a gwada da abin da ƙaramar hukuma ta kasa yi shekara da shekaru.

Rabin wannan magana gaskiya ce, kuma ba zan yi musun abin da idona ya gani ba. Amma Malam marubucin ya nuna mana gawa, ya ƙi gaya mana wanda ya yi kisan.

Tun 1999 sashe na 162 na kundin tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta. Ma'anarsa a aikace ita ce kason ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan, wato kashi 20.6 cikin ɗari na abin da ake rabawa a Abuja, ba ya isa hannunsu sai ya kwana a babban birnin jiha. Abin da ke fitowa da safe kowa ya sani. A cire na malaman firamare, a cire na masarautu, a cire na ayyukan da ake kira na haɗin gwiwa waɗanda sau da yawa ciyaman a rediyo yake jin labarinsu, sauran canjin a miƙa masa ya sa hannu. Ga kuma kantomomi da shugabannin riƙo, waɗanda ba wanda ya zaɓe su, ba kuma wanda suke jin kunya sai wanda ya naɗa su, alhali sashe na 7 na kundin ya ce zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙananan hukumomi. Wannan ba ƙirƙirata ba ce. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Antoni Janar Lateef Fagbemi ya shigar a kan jihohi 36, ta ce riƙe kuɗin da gwamnoni ke yi haramun ne a doka, ta ce a biya ƙananan hukumomi kai tsaye, ta kuma ce naɗa kwamitocin riƙo ya saɓa wa tsarin mulki. Aka yi ta murna, sannan aka shiga jan ƙafa wajen aiwatarwa. A nan Zamfara an yi zaɓen ƙananan hukumomi a Nuwamba 2024, jam'iyyar da ke mulkin jihar a lokacin ta kwashe kujeru 14 cif, kamar yadda ake yi a kusan kowace jiha ko wace jam'iyya ce ke kan gado.

To, Malam, mutum ya ɗaure akuya a turke shekara 25, ya hana ta dusa, sannan ya tara jama'a yana nuna musu haƙarƙarinta yana cewa ba ta da amfani a ba shi ya yanka. Kai kuma ka zo kana miƙa masa wuƙa. Ashe maganin ƙwacen da aka yi shi ne a halatta ƙwacen? Idan ɓera da sata, ai daddawa ma da wari.

Zancen ƙwararru ne ya fi ba ni mamaki, domin mutumin Gusau bai kamata ya manta da Asabar, 30 ga Satumba 2006 ba. Ana cikin azumi, saura kwana ɗaya jihar ta cika shekara goma da kafuwa, madatsar ruwan Gusau da ke kan gulbin Sakkwato ta ɓalle bayan ruwa mai yawa. Rahotannin lokacin sun ce ƙofofin sakin ruwa ne suka ƙi buɗuwa, suka ce gidaje kusan 500 sun tafi, ga gonaki da dabbobi, ga rayukan da aka rasa. Mutanen Birnin Ruwa da sauran mazauna bakin gulbi har yau suna ba da labarin. Wane kansila ne ke riƙe da makullan waɗannan ƙofofi? Wane ciyaman ne aka damƙa wa kula da su? A Satumba 2024 madatsar Alau ta fashe ta shanye Maiduguri, ita kuma a hannun hukumar tarayya take. Manyan bala'o'in ruwa da muka gani daga hannun manyan hukumomi masu manyan injiniyoyi suka kuɓuce. Ban faɗi haka don in raina ilimi ba, ni ma in zan gina gada injiniya zan nema, ba mai unguwa ba. Na faɗa ne don Malam ya daina yi mana kwatance kamar sakaci ciwo ne da ba ya kama mai digiri.

Sannan mu tambayi kanmu, mene ne yake rusa gidan talaka a kowace damina? Ba kowace shekara dam ke fashewa ba, amma kowane watan Agusta sai an yi jana'izar wanda katanga ta faɗa wa. Ruwan sama ne da ya rasa hanya. Ginin ƙasa ba ya tsoron ruwan da ya zuba ya wuce. Wanda ya kwanta a gindin bango kwana biyu kwana uku, shi ne ajalinsa, ƙasa ta jiƙa ta saki, cikin dare soro ya zauna a kan masu barci. Me ya hana ruwan wucewa? Kwata ta cika da ledar fiya wata da yashi. Kwalbatin bakin layi ya yi ƙanƙanta, ko ya karye tun bara ba wanda ya waiwaye shi. Kududdufin da kakanninmu suka haƙa suka ɗebi ƙasar gini, wanda shi ne tulun da ruwan unguwa ke taruwa a ciki, an mai da shi juji, da ya cika aka daddale aka yanka fuloti aka sayar. Wani ya ja katangarsa taku biyu cikin lungu ya toshe hanyar da ruwa ke bi tun kaka da kakanni. Bayan ruwan ya janye kuma sai shadda ta haɗu da rijiya, amai da gudawa ya biyo baya. Wanne daga cikin waɗannan ne yake buƙatar farfesa? Shebur ne, da baro, da motar kwasar shara, da ma'aikacin da ya san lungun, da hukumar da za ta ce wa mai ja da katanga ya mayar.

Kuma doka ta riga ta faɗi mai wannan aiki. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulki ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, a ciki akwai gina titunan cikin gari da magudanan ruwa da kula da su, akwai kwashe shara da bahaya, akwai raɗa wa layuka suna da sa wa gidaje lamba. Dattawa suna tuna duba-gari na zamanin En'e, wanda zai shigo gida ya leƙa randa da makewayi da kwata, matan gida na jin an ce ga shi nan kowa ta ɗauki tsintsiya. En'e tana da zaluncinta, ba kewarta nake yi ba, gyaran 1976 da ya kawo ƙananan hukumomi ci gaba ne. Amma ko ita ta gane cewa tsabtar gari daga ƙofar gida ake tsaronta, ba daga hedikwatar lardi ba.

Batun cewa ruwa bai san iyaka ba, na yarda, ban da ja. Gulbin Sakkwato daga wajen Funtuwa ya taso, ya ratsa Gusau ya nufi Bakolori, bai taɓa tsayawa neman izinin wani ciyaman ba. Ƙasar Bunguɗu ma ta kusa rungume Gusau, Kwatarkwashi da ke kan hanyar Tsafe ai ta Bunguɗu ce, garin kuma kullum faɗaɗa yake yi yana shiga gonakin maƙwabta. Madatsa da manyan magudanai da taswirar gari aikin jiha ne, har da tarayya. Wanda ya ce a ba ƙaramar hukuma dam ya yi wauta. Sai dai wannan hujja ce ta a zauna tare a raba aiki. Don gona ta haɗa iyaka da ta maƙwabci ba a cewa hakimi ya karɓe duka biyun ya nome.

Inda nake so Malam ya tsaya ya saurare ni da kyau shi ne batun jerin sunaye, domin duk wani agajin ambaliya a kan takardar nan yake tashi ko ya faɗi.

Shekarun baya ruwa ya yi ɓarna a unguwarmu. Bayan kwana huɗu baƙi suka zo daga sama cikin mota mai kyau, da riguna masu tambari da na'urar ɗaukar hoto. Suka tsaya a bakin titi, daidai inda mota ke iya kaiwa, suka rubuta sunayen waɗanda suka taru a kansu, suka tafi kafin la'asar. Da kaya suka iso, wani mai gidan haya da ke zaune a wata unguwa daban ya karɓi bandir ɗin kwano da buhun siminti, ɗan hayar da ruwa ya cinye wa katifa da hatsi da takardun makarantar yara bai samu ko mudu ba. Wata baiwar Allah a ƙuryar lungu, tana cikin takaba, ɗakunanta biyu sun zube, sunanta bai shiga ba don ba ta fito bakin titi ba. Baƙin nan ba mugaye ba ne. Ba su san ta ba ne kawai, kuma ba yadda za a yi su san ta. Mai unguwa ya san ta, liman ya san ta, kansilan da ya zo neman ƙuri'arta ya san ƙofar gidanta. Ba wanda aka tambaya a cikinsu.

Yanzu a ɗauki wannan a kai shi Tsafe. Jami'in da zai taso daga Gusau ya je 'Yankuzo ko Keta ko Kizara ko Bilbis ya ƙirga gidajen da suka faɗi, a halin tsaron da ake ciki, sai ya jira rakiyar jami'an tsaro, in ya samu ya isa ma ba zai kai magariba ba. Wa zai yi ƙirgar in ba ɗan garin ba? Ga kuma dubban bayin Allah da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukansu, suna fake a kangwaye da makarantu da gefen gari a Gusau da Tsafe da Bunguɗu. Ba su da takardar fili, ba su cikin rajistar kowa. Inda ƙasa ta fi araha nan suke kafa bukka, inda ta fi araha kuwa shi ne fadama da bakin rafi. Wanda ya gudo daga bakin bindiga ba ya tsayawa tambayar ko nan hanyar ruwa ce. Hukumar da Malam ke mafarki, mai kwamfuta da taswirar tauraron ɗan'adam, za ta ga rufin bukkar. Ba za ta san mutum nawa ke kwana a ciki ba, ba kuma za ta san daga wane ƙauye suka fito ba.

Tsarin agajin gaggawa na ƙasar nan ma hawa uku aka yi shi: NEMA a tarayya tun 1999, hukumomin jihohi irin ZEMA tamu, sannan kwamitin agaji a kowace ƙaramar hukuma. Hawa na ukun ne aka bari a takarda. Kowace shekara hukumar hasashen yanayi da ta kula da koguna suna fitar da gargaɗi tun kafin damina, har da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Gargaɗin yana tsayawa a otal ɗin Abuja da shafin jarida. Wanda zai ɗauke shi ya kai masallacin Juma'a da bakin kasuwa da zauren dagaci, shi ne aka ce a sallama.

Malam zai ce, to ai kansilan nan shi ne mai cusa sunan ƙaninsa da na matarsa. Haka ne, ana yi, na gani. Ban ce kansila waliyyi ba ne. Abin da ya raba shi da darakta a babbar hukuma shi ne kansila ana iya kama rigarsa. A masallacinmu yake salla, a jana'izarmu yake tsayawa, uwarsa tana unguwar, in ya ci amanar zawarawa sai ya canza hanyar zuwa gida. Wa ya san gidan darakta? Wace tsohuwa ce daga Nahuce za ta wuce mai gadi a ƙofar ma'aikata ta ce ina kwanona? Kuma wa ya gaya wa Malam cewa rabon 'yan jam'iyya a sakatariyar ƙaramar hukuma aka ƙirƙiro shi, manya ba su iya ba? A Agusta 2024, watan da ruwa ya shafe dubban gidaje a Gummi, gwamnatin tarayya ta sanar da ware naira biliyan 3 ga kowace jiha saboda ambaliya. Wannan kuɗi ba ta hannun kansila ya bi ba. Mai karatu, ko a wace jiha kake, ka taɓa ganin an manna takarda a mazaɓarku an ce ga abin da ya iso nan, ga waɗanda suka samu? Akwai kuma asusun kula da muhalli da aka kafa tun 1981, wanda ƙananan hukumomi ke da kaso a ciki. A tambayi ciyamomin da suka sauka, su nawa ne suka taɓa ganin ƙeyarsa.

Titunan Gusau kuwa, wanda ya ce ba a yi aiki ba ya yi son zuciya. Aikin sabunta birni da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a 2023 ya canza fuskar garin, duk wanda ya san yadda hanyoyin tsakiyar gari suke a da zai shaida. Amma ɗan kwangila yana gamawa zai kwashe injinansa ya tafi. Lambatun da ya gina, wa zai yashe shi a watan Mayu na shekara ta uku? Kuma titi in aka ɗaga shi ya fi dokin ƙofar gidajen da ke bayansa tsawo, ruwan da ya bar kwalta ina ya nufa? Mai wucewa a mota zai ga birni ya yi kyau. Mai gida a layi na biyu, a Tudun Wada ko Sabon Gari, shi ya san inda ruwan ya kwana. Gyaran unguwa bai ƙare a inda fitilar titi ta ƙare ba, kuma lungun da katafila ba ta shiga yana da yawa fiye da titin da ta shiga.

Rusau ma da Malam ke ɗokinsa, a yi hattara. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izininsu. To gidan da aka gina a kan hanyar ruwa a cikin birnin Gusau, in yana da takarda, daga wane ofishi ta fito? In kuma awon igiya ne, dillali da mai unguwa da jami'in da ya kau da kai duk suna da hannu, ban wanke kowa ba. Amma a ce wanda ya sayi fili da guminsa shi kaɗai zai kwana a waje, masu sa hannu suna kwance a gidajensu, wannan ba gyara ba ne. A biya diyya, a nuna masa inda zai koma, sannan katafila ta zo.

Kada ciyamomi da kansiloli su karanta wannan su ɗauka lauya suka samu. Wallahi ba ku na zo karewa ba, kujerar na zo karewa, don ta talakawa ce. Ciyaman da ya tare a Gusau ko Kaduna ko Abuja, sai ranar rabon kaso ake ganin motarsa, shi ne babban mai ba Malam hujja. Abin da nake nema a yi ba shi da tsada. A sakar wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kamar yadda kotu ta ce, sannan a tsare su da bincike, rahoton mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi ya fito fili kowa ya karanta. Kowace mazaɓa cikin 147 da ke jihar ta san gidajenta da ke bakin ruwa da masu tsagaggen bango tun rani, a sa musu lamba, don ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da aka ware na yashe magudanai a rubuta shi da Hausa a manna a ƙofar sakatariya. In ɓarna ta auku, jerin sunaye ya fito daga mai unguwa da liman da kansila da wakiliyar mata, jami'in jiha ya tantance, a karanta shi a bainar jama'a bayan sallar Juma'a kafin a sauke buhu ko ɗaya, a ba da kwana uku ga mai ƙorafi. Ɗan haya a rubuta shi da sunansa, ɗan gudun hijira ma haka. Jiha ta riƙe dam da manyan magudanai, ta ba da aron injiniyoyinta, ta sa Gusau da Bunguɗu su zauna teburi ɗaya a kan unguwannin da suka haɗa su. Matasanmu da ke fitowa aikin gayya da shebur duk farkon damina a ba su motar kwashe abin da suka tono, kada ruwan farko ya mayar da shi cikin kwata kamar yadda yake yi duk shekara.

Malam, na gode da ka tayar da zancen, kuma ina gayyatarka. In Agusta ta zo, ranar da aka kwana ana ruwa, ka ajiye mota a bakin titi mu shiga lungu da ƙafa, ka nuna mini gidan da hukumarka ta ofishin gwamna za ta gano ba tare da ta tambayi mai unguwa ba. Kai kuma mai karatu a Gusau da Tsafe da Bunguɗu, kafin hadarin farko ya haɗo ka je ka sami kansilan mazaɓarku, ka tambaye shi nawa aka ware na yashe kwatar layinku, da ranar da za a fara. In ba ka san sunansa ba, ka fara da tambayar wannan.